Ƙarfe Tara a Habana

"Har yanzu bai kira ba?"

Zahara'u ba ta ɗago ba. Wayar na tafin hannunta, lallen da aka ƙunsa mata ya kama har ya yi baƙi, gumi sai tsattsafowa yake yana jiƙa gilashin.

"Da ke nike magana, amarya!" in ji Yaya Rashida, tana dafe da ƙyaure. "An sallame azahar tun ɗazu. Maza sun cika ƙohwar gida, Baba sai aike yake..."

"Zai kira."

"Yaushe?"

"Na ce miki zai kira!"

Rashida ta taɓe baki ta saki labule.

Zahara'u ta juya tsintsiyar hannunta ta dubi agogon da ke ɗaure a wurin. Duk gidan Alhaji Idi babu wanda bai san agogon nan ba, don shi kaɗai ne a Madarunfa ke nuna safiya alhali mutane sun ci tuwon rana. Da hannunta ta mayar da shi baya da awa biyar, ranar da angonta Wada ya koma Kuba, don ta riƙa sanin lokacin da ya farka da lokacin da ya kwanta. Ƙannenta har suna suka sa masa, wai agogon mahaukaciya. Yanzu ga shi ya nuna tara, har ta gota.

Ta danna lambarsa. Shiru. Ta sake. Ko ƙara ba ta shiga.

"Haba Wada na..." ta faɗa a hankali. "Kada ka yi mini haka. Ba yau ba."

Da damina suka haɗu, lokacin da ya zo hutu. Ta kai Hajiyarta asibitin gari da ciwon ƙafa, ta tarar da wani dogo baƙi yana taya ma'aikata aiki kyauta, yana yi wa tsofaffi ba'a har suna manta allura. Aka ce mata ɗan garin Safo ne, gwamnati ta tura shi Habana, babban birnin Kuba, karatun likita, shekara ɗaya ta rage ya gama. Ita kuwa malamar lakkwal ce, makarantar boko, mai ji da kanta, samari nawa ta sallama da kallo ɗaya. Amma ƙafar Hajiya ta warke, Zahara'u ba ta daina zuwa karɓar magani ba.

Matsala ɗaya ce, kuma babba. Wada ɗan Anna ne. Uwarsa da ubansa manoman gero ne, suna kan addininsu na kaka da kakanni. Shi tun yana yaro a makarantar Maraɗi ya musulunta a hannun malaminsa, Malam Alhassan, sallarsa kuwa ta fi ta wasu masu rawani kyau. Wannan duk bai shiga kunnen Alhaji Idi ba. Mutumin da motocinsa ke jigila tsakanin Ɗan Issa da Katsina, mai saf na gaba a masallaci, shi ne zai haɗa zuri'a da gidan da ake yanka wa iskoki kaza?

Wata biyu Zahara'u ta yi tana yaƙi a gidan. Ta yi kuka, ta yi yajin cin abinci, ta tsaya gaban kawunnanta tana kawo musu hujja har suka rasa ta cewa. Daga ƙarshe Alhaji ya sauko, amma da sharaɗi mai ɗaci: ranar ɗaurin aure sai yaron ya kira da kansa, a buɗe waya kowa ya ji, ya yi kalimar shahada gaban liman, sannan ya faɗi wakilinsa da bakinsa.

Cin fuska ne, kowa ya san cin fuska ne. Da ta gaya masa a waya, Wada ya ce, "Saboda ke, Zahra ta, ko gaban kasuwa anka ce, zan yi."

Ya gaya mata daren ranar yana gadin marasa lafiya, kuma a sashen da yake ba a shiga da waya, sai ya miƙa aiki ƙarfe tara na safe. Ita ta yi lissafin, ita da ke koya wa yara haɗawa da ɗebewa. Tara a ƙara biyar, biyu na rana ke nan, daidai an fito azahar. Ta ce wa mahaifinta ƙarfe biyu. Ta ce wa Wada tara taku. Kowa ta ba shi lokacinsa a harshensa, tana jin daɗin kanta.

Labule ya sake ɗagawa. Wannan karon Hajiya Ɗelu ce, mahaifiyarta, fuska ba annuri.

"Ubanki na zaure, ya ce ki zo."

Ta ja mayafi ta fito. Tsakar gida cike da mata, sai guɗar da aka fara ta mutu, idanu suka biyo ta. Can gefen randuna, kan wata tsohuwar tabarma da aka jefa mata nesa da kowa, Inde ce zaune, mahaifiyar Wada. 'Yar siririyar tsohuwa mai zane a kunci. Tun sassafe suka iso ita da mijinta a amalanken jaki, ta zo da ƙwaryar fura da ta daka da hannunta, an ajiye ƙwaryar a inda ta sauke ta ba wanda ya buɗe. Da safen Zahara'u ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta kira ta Inna a gaban duk masu harara.

Yanzu ma tsohuwar ta yi mata murmushi. Zahara'u ta kasa mayarwa.

A zaure Alhaji Idi na tsaye, babbar rigarsa sai ƙarar sitati take. Kusa da shi ga Sadiƙ, ɗan ƙanwarsa, ɗan canji a Ɗan Issa, wanda ya nemi Zahara'u tun tana 'yar kwaleji ta ce ko a mafarki. Ya sha shadda fara kamar shi ne angon, yana wasa da makullin mota.

"Ƙarhe nawa kinka ce mini?" in ji Alhaji.

"Biyu, Baba..."

"Yanzu ƙarhe nawa?"

"Wataƙila rezon waya ne. Ko wutar kuran ɗinsu ta ɗauke, suna yawan..."

"Ban tambaye ki kuran ba! Na tara mutane tun daga Maraɗi har Jibiya. Liman na zaune rana na dukanshi. Ni za a maida abin kallo?"

"Kawu, a yi haƙuri," in ji Sadiƙ da murya mai sanyi kamar ta mai ta'aziyya. "Wataƙila abu ne ya yi mishi nauyi. Ka san kalimar ga, ba kowane baki ke iya ɗaukarta gaban jama'a ba."

"Ƙarya kake!" Zahara'u ta daka masa tsawa. "Ya hi ka sallah!"

"To ina yake?" Ya buɗe hannuwa. "Ni ban ce komi ba, ƙanwata. Ƙasa ce dai ta kaɗe-kaɗe da raye-raye, ga 'yan mata ba mayahi, kuma jiya daren Lahadi ne. Mai yiwuwa bai tashi ba."

"Gadi yake a asibiti!"

"Haka ya ce miki."

Maganar ta shige ta kamar ƙaya. Haka ya ce mata. Mene ne ta taɓa gani da idonta a can? Hotuna ne kawai da murya.

"Baba, don Allah a ƙara mishi minti kaɗan..."

"Na ƙara, don albarkacin liman. Biyu da rabi ta yi." Alhaji ya ɗaga yatsa sama. "Jiya na rantse gaban 'yan'uwana, in yaron ga ya saɓa alƙawali, babu shi babu ɗiyata. To ya saɓa. Sadiƙ, je ka ce a naɗe tabarmi."

"Baba!"

"Wuce ciki!"

Ta ƙofar zaure ta hango waje kafin ya tura ta. Malam Alhassan, wanda zai karɓi auren, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Can ƙarƙashin itacen bedi, shi kaɗai kusa da jakinsa, tsoho Jatau ne mahaifin Wada, sanye da sabuwar taguwa da ko karin ninkinta bai baje ba. Wani daga cikin direbobin Alhaji ya wuce ta gabansa ya ce da ƙarfi, "Dama wa ya aike mu!" aka kwashe da dariya.

Yadda ta koma ɗaki ita ma ba ta sani ba.

Mata suka biyo ta, kowace da abin faɗa. Wata ta ce Allah ne ya tsare. Wata ta ce dama ita tun farko jikinta bai ba ta ba. Wata gwaggo ta ce a kwance lallen nan da ruwan kanwa, kada ya zauna mata a hannu ya zama abin gori.

"Mun hwaɗa miki," in ji Rashida. "Kin zage mu tas a kan mutumin ga. Kin ce mu jahilai ne. Yau ga shi ya shanya ki gaban duk Madarunfa."

Kunya ce ta fara cin ta, sannan fushi ya zo ya danne kunyar. Wata biyu tana tsaye ita kaɗai. Ta ɓata da uwa, ta ɓata da uba. Shi abin da aka nema a wurinsa kira ɗaya ne. Kira ɗaya!

Ta fizgi wayar, ta danna wurin ɗaukar murya.

"Wada, ka kyauta! Ka ji? Ka kyauta!" Muryarta ta cika ɗakin har tsakar gida. "Baba ya yi gaskiya, ni ce makauniya. Anne Anne ne ko ya shekara dubu shina sallah! Ba ku san alƙawali ba don ba ku san Allah ba, daga kai har wadda ta haihe ka! Na yi nadamar ranar da na zubda darajata na kula ɗan masu tsahi!"

Ta saki. Saƙon ya tafi.

Idanun matan suka koma bakin ƙofa. Har gwaggon mai ruwan kanwa ta kawar da kai.

Zahara'u ta juya.

Inde na tsaye a bakin ƙofa da ƙwaryar fura a hannu. Ta ga an watse, ta ga amarya ta shige da kuka, shi ne ta taso ta kawo mata ko za ta jiƙa maƙoshi.

Ta duƙa a hankali ta ajiye ƙwaryar a bakin ƙofa, ta gyara faifan da ke kai, ta koma tabarmarta.

Wani abu ya tsinke a cikin Zahara'u, amma fushi bai bar ta ta bi shi ba. Ta faɗa kan gado ta kifa fuska.

"Ke ni ba ni wayar ga," in ji Rashida can, ita ma jikinta ya yi sanyi. "Kin tabbata ma lissahinki daidai ne? Kullum kina kallon wancan mahaukacin agogo. Tambayi waya mana ƙarhe nawa a can."

"Tara ta wuce tun ɗazu, mi zan tambaya?"

Rashida ba ta saurare ta ba. Ta lallatsa, ta ƙura ido, ta sake lallatsawa.

"Zahara'u..."

"Mi?"

"Nan an rubuta tara saura."

Ta tashi zumbur ta warce wayar. Habana: tara saura kwata. Ta dubi agogon hannunta: goma saura kwata. Ta karanta 'yan layukan da ke ƙasa, idonta na yaji. A daren da ya gabata ƙasar ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya, kamar yadda take yi duk shekara idan sanyi ya ƙarato. Tazarar da ke tsakaninsu ba biyar ba ce yau. Shida ce.

Yo ina za ta sani? A Madarunfa agogo ba ya motsi sai batirinsa ya mutu. Ita tun da ta san Wada biyar ta sani.

"Innalillahi..." Rashida ta dafe ƙirji. "Shi ya sa! Jiya da dare Sadiƙ ya yi ta zuga Baba ya rantse a kan ƙarhe biyu. Har ya ce wa maigidana gobe za a sha kallo. Mutumin da wayarshi ke cike da agogon ƙasashe saboda masu aiko da kuɗi! Wallahi ya sani!"

Zahara'u ba ta Sadiƙ take ba. Ta nemo saƙon. Bai buɗe ba, ko isa bai yi ba. Ta danna, ta goge shi ga kowa, ta ga ya ɓace ya bar ɗan layi mai cewa an goge wannan saƙo.

"Alhamdulillahi... bai ji ba. Yaya, bai ji ba!"

Rashida ta dubi ƙwaryar da ke bakin ƙofa.

Ƙarfe uku daidai wayar ta ɗau ƙara.

"Zahra ta!" Muryarsa ta fito tar, yana haki kamar wanda ya sauko bene da gudu. "Tara cif! Ko rigar aiki ban cire ba. Na yi alwala tun ɗazu. Amaryata, ina liman?"

Sai ta fashe da kuka.

"Subhanallahi, mi ya hwaru?"

"Nan ƙarhe uku, Wada. Uku! An watse. Baba ya rantse..."

Ta ji numfashinsa ya tsaya. "Agogo..." ya ce. "Wayyo Allah, jiya anka canza! Ina ciki ina mitar an ƙara mana awa guda a gadi, wallahi ko kaɗan bai zo mini ba cewa ku ba ku canzawa. Laihina ne, ni ya kamata in tuna. Kai mini wayar wurin Alhaji. Yi sauri, zuciyata!"

Ba takalmi ta fita. Ta ratsa mata, ta ratsa zaure, ta tsaya a bakin ƙofar gida inda mace ba ta tsayawa ranar irin wannan. Rabin mutane sun tafi. Liman na neman takalminsa.

"Baba, ga shi! Ya kira! Bai saɓa ba, a can yanzu tara ta yi!"

Da ƙyar aka sa Alhaji ya saurara. Wada ya yi bayani cikin ladabi, yana ba da haƙuri. Alhaji ya saki baki.

"Wai mi kake hwaɗi? Mutane su zauna su maida lokaci baya? Da hannu? To rana fa, ita ma sun ja ta baya? Wace irin ƙasa ce ke wasa da lokacin Allah!"

"Ba su kaɗai ba ne, Alhaji," in ji Malam Alhassan. "Turawa ma haka suke. Tambayi yaran ga masu kallon ƙwallo, makon jiya lokacin wasa ya gota musu."

Samari biyu suka gyaɗa kai. Aka waiwaya neman Sadiƙ, uban 'yan kallon ƙwallo, aka ga ya duƙa wai yana duba tayar motarsa.

Liman ya gyara murya. "Alhaji, a kan saɓa alƙawali ka rantse. Yaron ga an ce mishi tara, ya kira tara. Babu kaffara a kanka, babu laihi a kanshi."

Alhaji Idi ya daɗe yana huci. Sannan ya kaɗa hannun riga. "A maido tabarmi. A kirawo waɗanda ba su yi nisa ba. Amma sharaɗina na nan!"

"Shina nan, Alhaji," in ji Wada.

Zahara'u ta koma ciki da wayar manne a ƙirji, kafin a gama shimfiɗa. Guɗa ta sake tashi, daga bakunan da suka gama cewa Allah ne ya tsare. Dariya take, hawaye na zuba.

"Kin ga? Ba abin da zai raba mu," in ji Wada. "Af, na ga kin goge wani saƙon wokal. Zagina kika yi ko?" Ya yi dariya. "Na ci zagi, na yarda. Innata na kusa? Ba ni ita in ji muryarta kahin a hwara."

Ta nufi gefen randuna.

Inde na kan tabarmarta, ta riga ta ɗaure ɗan ƙullin kayanta. Zahara'u ta durƙusa ta miƙa mata wayar, idanunta na roƙon abin da bakinta ya kasa.

"Inna! Kin sha hanya. An karɓe ki da kyau?"

"Lahiya lau, ɗana. An karɓe mu."

"Kin ga ɗiyar taki? Ba na ce miki babu irinta ba?"

"Na gan ta." Muryar ta karye a tsakiya. Tsohuwar ta yi sauri ta goge ido da bakin zane.

"Inna... kuka kike?"

"Hayaƙi ne. Ana girki."

"Inna, na san muryarki. Wa ya taɓa ki?"

"Ba kowa. Ka yi abin da ya tara mutane."

"Ba Zahara'u wayar."

Ta karɓa da hannu biyu.

"Wa ya taɓa mini uwa a gidanku?" Babu sauran dariya a muryarsa. "Na haƙura da abin da anka yi mini, amma na ce miki ita ki tsare mini ita. Gwaggonninki ne? Rashida ce? Hwaɗa mini ko wace ce!"

Da ta ce wata baƙuwa ce, babu wadda za ta ƙaryata ta. Inde ma girgiza mata kai take a hankali, alamar ta bar shi.

"Ni ce," in ji Zahara'u.

"Ke wa?"

"Ni ce, Wada. Wokal ɗin da na goge... tana tsaye ta ji."

"Mi kika ce a ciki?"

"Hushi ne. Wallahi hushi ne, na zaci ka gudu, kowa na yi mini dariya..."

"Mi kika ce?"

"Don Allah kada ka sa ni..."

"Ta ji da kunnenta. Ni ma zan ji."

Ta faɗa. Kalma bayan kalma, har zuwa wadda ta haife ka, har zuwa ɗan masu tsafi. A bakinta yanzu sun fi ɗazu muni.

Ta duba ko layin ya yanke. Tana jin ƙarar motoci a can, da wata mata na magana da wani yare, safiyar wasu mutane na tafiya abinta.

"Awa guda," ya ce daga baya. "Awa guda kawai na ɓace miki, Zahara'u."

"Ka yahe mini, masoyina..."

"Ubanki ya hwaɗa, ban ji zahi ba. Sadiƙ ya hwaɗa, na yi dariya. Na ce ai ita ba ta ganina haka. Ashe shina nan ƙarƙashin harshenki, jira yake ranar da zan makara."

"Ba haka ba ne! Na yi yaƙi a kanka!"

"Kin yi. Ban manta ba." Ya ja numfashi. "Aure shekaru ne. Zan makara, zan yi kuskure, zan ɓata miki rai. Duk ranar sai uwata ta sha?"

"Ba zan ƙara ba! Na rantse da..."

"Kai wa Alhaji wayar. Mutane na jira."

Wani ɗan fata ya taso mata. Ta miƙa wa Rashida, Rashida ta kai zaure, ita kuma ta laɓe bayan ƙyaure.

Aka buɗe muryar. Wada ya yi sallama, ya gaida liman, ya gaida Alhaji. Sannan ya yi kalimar shahada a nutse, kowane harafi a mazauninsa, har liman ya ce masha Allah.

"To madalla," in ji Alhaji, murya ciki-ciki. "Wa ka wakilta ya karɓa maka?"

"Ban wakilta kowa ba, Alhaji."

Ƙofar gida ta ɗau hayaniya.

"Na yi shahada don ku san ba ita ta gagare ni ba. Auren ne na hwasa. Malam Alhassan, ka gahwarce ni, na sa ka zaman rana. Don Allah a ce wa babana ya ɗaura jakinshi, su kama hanya tun da sauran haske."

"Kai! Ni za ka wulaƙanta?" Alhaji ya yi tsawa. "Ɗiyata za ka ƙi gaban jama'a? Kai wane ne?"

"Ɗan Jatau da Inde ne, Alhaji. Ku huta lahiya."

Layin ya yanke.

Zahara'u ta sulale a jikin bango. Ba ta ji ashar ɗin da mahaifinta ke yi ba, ba ta ji salatin mata ba. Sai da inuwa ta rufe ta sannan ta ɗago, ta ga farar shadda.

"Ki yi haƙuri, ƙanwata," in ji Sadiƙ. "Ni dai ina nan, kin sani..."

"Ka san an canza agogo."

"Ni? Ai ba a tambaye ni ba."

"Ko maza sun ƙare a duniya, Sadiƙ, sai dai in mutu a ɗakin uwata. Hita daga gabana!"

Ya fita yana gyara hula.

Ta lallaba ta miƙe ta koma tsakar gida. Inde ta ɗora ƙullinta a ka, tana ratsa matan da suka dare mata hanya. Zahara'u ta zube a gabanta ta riƙe ƙafafunta masu faso.

"Inna, ki yi mishi magana. Ke kaɗai zai ji. Ki ce kin yahe, don Allah, Inna..."

"Na yahe tun ɗazu, ɗiyata."

"To ki hwaɗa mishi!"

"Zan hwaɗa." Tsohuwar ta dafa kanta, hannun ya yi kaushi kamar ɓawon itace. "Amma ni na haihe shi. Tun shina ƙarami, in ya ajiye abu ba ya komawa ya ɗauka."

Ta zare ƙafarta a hankali. Har ta kai bakin zaure ta waiwayo, ta dubi amaryar da ke durƙushe cikin ƙasa da lallenta da kwalliyarta.

"Ku ba ta wani abu ta ci," ta ce wa matan gidan. "Tun sahe ina kallonta, ba ta sa komi a bakinta ba."